Wa Ke Duba Sabon Gida? Tarihin Karɓar Gini Daga Kakanni Zuwa Yau



Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne, yanzu babu ranin da ba a aza harsashin sababbin gidaje a garinmu, kuma mafi yawansu da gumin ƴan biɗa ake gina su. Mai gida yana can nesa yana aiko da kuɗi kaɗan-kaɗan, ana aika masa hoto ta salula. Ran da ya zo sai a miƙa masa mabuɗi, a yi walima, ya zuba iyali ciki, ya koma wurin nemansa. Ba wanda ya hau rufi ya duba, ba wanda ya tona gindin bango ya ga zurfin harsashi. Damana ɗaya ko biyu sai a ji bango ya tsage, ko rufi yana yoyo, ko abin da ya fi wannan muni. Shi ya sa muka ce bari mu waiwaya mu ga yadda mutanen da suke karɓar sabon gini, da inda aka yi aka saki wannan al'ada, ko ma samu abin riƙewa.

ZAMANIN GAYYA

A ƙauye, zamanin kakanninmu, duban gida yana farawa tun ba a taɓa ƙasa ba. Wanda zai fitar da gida sai ya je wurin mai gari da dattawan unguwa, su taka da shi zuwa filin. Abin da suke fara tambaya shi ne ina ruwa yake bi. Tsohon da ya ga damana sittin ya san kwarin da ke cika shekarar da ruwa ya yi yawa, ko da an yi shekara goma wurin yana bushe. Sai su duba ko akwai suri kusa, don gara ba ta barin itace da kara. Su duba inda rijiya take da inda za a haƙa salga. In sun ce a matsa gaba, a kan matsa, ba gardama.

Gini kuwa aikin bayan kaka ne, lokacin ɗari da rani, don a gama kafin hadarin farko. A ɗebo ƙasa daga kududdufi, a kwaɓa ta da ciyawa da kashin dabbobi, a bar ta kwanaki ta ruɓa, ana sake tattakawa. A mulmula tubali da hannu a shanya shi har ya bushe sarai. Bango kuma ba a tayar da shi rana ɗaya. Sai a aza ƴan layuka a bari su sha iska, sa'an nan a ɗora wasu, gindi da kauri, sama tana sirancewa. In ɗakin jinka ne, a ƙasa ake ɗaure jinkar kowa yana gani, samari su taru su ɗaga ta su kifa. Mata su zo su yi daɓe, su yayyafa makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, har ƙasa ta yi ƙarfi tana sheƙi.

To, kun ga a irin wannan aiki babu abin da ke ɓoye. Wanda ya kwaɓa ƙasar maƙwabci ne, wanda ya miƙa tubalin ɗan'uwa ne, maginin kuma a garin yake kwana, a masallacin garin yake salla. In bangonsa ya faɗi, har jikokinsa sai an yi masu gori da shi. Duk da haka dattawa ba su yabon gini ranar da aka gama shi. In ka ce masu wane ya yi ɗaki mai kyau, sai su ce bari dai ya sha damana tukuna. Wannan kalma tasu mu riƙe ta, za mu komo kanta.

SARKIN MAGINA

A birni abin ya fi haka tsari, don can ne ake gina soraye da zauruka masu ɗaurin guga, waɗanda in sun rufta ba ɗaki ɗaya suke ci ba. A manyan birane irin su Kano, Zariya, Katsina da Damagaram, gini sana'ar gado ce, kuma tana da shugabanta, wato Sarkin Magina. Shi ke tara magina in za a yi aikin fada, ko ganuwa, ko masallacin Juma'a, shi ke raba masu aiki, kuma in rigima ta tashi tsakanin magini da mai gida, gabansa ake fara kai ta. Yaro yakan yi shekaru yana miƙa laka da tubali kafin a bar shi ya aza bango, ya ƙara wasu shekaru kafin a yarda ya ɗaure baka. Ba mutum ke ce ma kansa gwani ba, sai manyan sana'a sun ga aikinsa.

Abin da idon gwani ke nema sananne ne. Yakan duba azara, ya ƙwanƙwasa ta ya ji ƙararta, don azarar namijin giginya da ya ƙosa ita ce mai ƙwari, wadda gara ba ta cin ta da sauƙi. Yakan duba faɗin ɗaki, don azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in an yi mata nisa da yawa ba tallafi. In ɗaki ya yi faɗi sai a yi tauyi a kusurwa, ko a kafa ginshiƙi, ko a ɗaure bakan gizo. Yakan duba shimfiɗar rufi, daga azara zuwa zana ko asabari, zuwa laka, zuwa laso da ake haɗawa da katsin marina da gashin majema da dafara don ruwa ya zame. Daga ƙarshe ya duba gangaren rufi da indararo, ya tabbata ruwa zai faɗi nesa da gindin bango. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, kafin a rufe shi ake duba shi, don abin da laka ta rufe ido ba ya sake ganinsa.

Irin wannan horo ne ya fitar da Babban Gwani Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Magina masu irin wannan horo ne kuma suka tayar da ganuwar Damagaram zamanin Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, da gidajen unguwar Birni masu zanen bango da baƙi ke zuwa kallo. Sunan magini a manne yake da bangonsa, kuma sama da shi akwai wanda zai tuhume shi.

ZUWAN TAKARDA

Nasara suka kama Damagaram a 1899, suka mai da ita babban birnin ƙasa daga 1911 har 1926 da aka koma Yamai. Da zuwansu sai aka shiga ɗibar magina da lebura ana gina bariki da gidan kwamanda da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946. Suka kuma zo da wani sabon abu, wato mallakar fili ta takarda. Dokar 26 ga Yuli 1932 ta tsara yadda ake rajistar fili a dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. A birni, wanda ke son cikakkiyar takardar mallaka, wadda ake ce ma titir fonsiye, sai an ba shi fili na wucin gadi, a yanka masa lokaci ya gina shi, sa'an nan wakilan hukuma su zo su gani da idonsu, su ƙiyasta darajar ginin, su rubuta. Talakawan unguwanni kuwa mafi yawansu takardar izinin zama kawai ake ba su.

Maraɗi ta ga wannan sauyi a fili. Tsohon garin a cikin kwari yake, bakin Gulbi, inda Katsinawa suka zauna bayan jihadi, don kurmi da fadama suna kare su daga mahara. A 1945 Gulbi ya cika ya ci garin. Hukumar Nasara ta tayar da mutane zuwa kan tudu, aka ja tituna miƙaƙƙu, aka yanka filaye murabba'i, unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa da Limanci suka hau tudu da sunayensu. Kalmar kare, wato yankakken fili, ta shiga bakin mutane, har aka samu unguwar da ake kira Sabon Kare. Abin lura a nan shi ne, kakannin da suka zauna kwari ba rashin sanin ruwa ya sa su ba, tsoron yaƙi ne ya rinjayi tsoron ruwa. Da yaƙi ya ƙare, ruwa ya karɓi bashinsa.

Amma mu faɗi gaskiya game da duban Nasara. Ma'aikacin bariki yana duba ko katanga ta shiga titi, ko ginin ya kai kuɗin da aka ƙayyade, ko akwai salga. Wato abin da ya dami hukuma yake dubawa, iyaka da haraji da tsabtar gari. Ko azara za ta karye kan yara, wannan ba ya cikin takardarsa. Kuma dubansa a bakin birni ya tsaya, bai taɓa isowa ƙauye irin namu ba.

Akwai dai abu guda mai amfani da ya shigo ta wannan hanya, wanda gwamnati ta ci gaba da shi bayan samun mulkin kai a 1960. In ɗan kwangila ya gama gina lakkwal ko gidan likita, ba a karɓa gaba ɗaya. Ma'aikata sukan zo su zagaya, su rubuta duk aibin da suka gani, a yi karɓar wucin gadi, a riƙe wani kaso na kuɗinsa. Sai bayan kamar shekara guda a komo a sake dubawa, in ya gyara kome a yi karɓar ƙarshe a ba shi cikon kuɗinsa. Shekara guda kuwa dole akwai damana cikinta. Kun ga ashe maganar dattawanmu da ta injiniyoyin gwamnati wuri ɗaya suka faɗa.

SIMINTI, KWANO DA KUƊIN BIƊA

Kuɗin gyaɗa a shekarun 1950 da 1960 su suka fara kawo rufin kwano da ginin siminti gidajen alhazan birni. A shekarun 1960 aka kafa masana'antar siminti ta Malbaza. Bayan 1971, da aka fara fitar da uraniyom daga Arlit, gine-gine suka yawaita a Yamai da sauran birane, samarinmu da yawa suka yi lebura can, suka komo da cokalin gini a hannu. Fari na 1973 da na 1984 kuma suka rage itatuwa, azarar kirki ta yi wuya, sai an nemo ta daga nesa, wajen dazukan giginya na Dallol Mauri a ƙasar Gaya. Wanda ba shi da hali sai ya rufa da duk icen da ya samu.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ƴan biɗa suka koyi darasi mai zafi. A ƙarshen 1969 gwamnatin Busiya ta kori baƙi daga Gana, mutanen da suka yi shekaru a Kumasi da Ankara suka komo da ƙunshin kaya, wasu ba su da ko ɗakin kwana a garin ubansu. A farkon 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan kora a Najeriya. Rikicin Kodebuwa na 2002 da yaƙin Libiya na 2011 suka sake koro wasu. Tun daga nan duk ɗan biɗa mai hankali ya gane cewa ko ina ya kai, sai ya kafa bango a gida. Wannan tunani ne mai kyau, kuma shi ya canza fuskar garinmu.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ginin laka kowa ya san shi, tsohuwa ma tana iya gane tubalin da bai bushe ba. Ginin siminti kuwa dattawanmu ba su gaje shi ba, saboda haka suka ja baya suka yi shiru, suna ganin abin zamani ne. Gayya ta mutu, aiki ya koma na kuɗi. Magini yakan zo daga wani gari, ya gama ya tafi, ba mai sake ganinsa. Sarkin Magina, inda ma akwai shi, ba shi da iko kan mai buga bulo. Izinin gini na ma'aikatar magajin gari kuma a birni ma ba kowa ke biɗarsa ba, balle a ƙauye. Mai gida yana Abijan, ya wakilta ƙanensa, ƙanen yana jin kunyar tuhumar magini, mai gida kuma yana jin kunyar tuhumar ƙanensa. Ke nan tsohon mai duba ya tafi, sabo bai zo ba. Cikin wannan giɓi ne ake buga bulo hamsin ko sittin da buhun siminti ɗaya, ake rage ƙarfe, ake haƙa harsashi taki ɗaya, a shafe kome da filasta da fenti mai kyau a ɗauki hoto.

Kada wani ya ce laifin laka ne ko laifin siminti. A garin Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da laka a 1962, jama'ar gari suna kawo ƙasa da ruwa da itace. Ya sake rufinsa da bakuna a 1975, daga baya ya ƙara hasumiyoyi, har aikin ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Magini ɗan gari, aiki a gaban idon gari, ga abin da ya haifar.

ABIN DA RUWA YA NUNA

A Satumba 2020 kogin Kwara ya kai tsawon mita 7 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsai ya shiga unguwannin da aka gina a hanyarsa. Damanar 2024 ta fi ta ɓarna. Fiye da mutum 300 suka rasu a faɗin ƙasa, da yawansu gini ne ya faɗa masu, kuma jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ran 3 ga Satumba 2024 tsohon masallacin Birnin Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe bayan ruwa mai yawa. Ginin da ya sha damana fiye da 150 ke nan. In irin wannan zai faɗi, to, ina ga ɗakin da aka tayar cikin mako uku ba wanda ya duba? Ruwan yanzu yakan zo da yawa cikin sa'o'i kaɗan, kuma ƙasar da ke shanye shi da can mun rufe ta da gidaje.

ABIN DA MUKE BA DA SHAWARA

Ba mu ce a komo zamanin gayya ba, wannan ya wuce. Abin da muke so shi ne mu haɗa idon dattawa da takardar zamani, tun da mun ga dukansu abu ɗaya suke faɗi.

Na farko, kafin a haƙa harsashi a kai dattawan unguwa su taka filin, su faɗi inda ruwa ya bi a manyan damanun da suka gani. Daɓen ɗaki ya ɗara titi tsawo. Salga ta yi nesa da rijiya, aƙalla mita 15, kuma ta kasance ta gangare.

Na biyu, a rubuta yarjejeniya da magini gaban shaidu biyu: yawan ɗakuna, zurfin harsashi, kaurin ƙarfe, yawan bulon da za a buga da buhu ɗaya, da yadda za a biya. Dokar da muka gada daga Faransa ta ɗora ma ɗan kwangila alhakin ginin da ya rushe saboda aibin aikinsa har shekara 10, amma wanda ba shi da takarda, da me zai je gaban alƙali?

Na uku, mai duba ya zama dabam da mai gini, dabam kuma da wanda ke riƙe da kuɗi. A samu tsohon magini da ba shi da hannu a aikin, ko ma'aikacin gine-gine daga birni, a biya shi ladansa. Ya zo sau uku aƙalla: kafin a rufe harsashi, kafin a zuba kankare kan ƙarfen ginshiƙai da ɗamarar da ke zagaye bango, da kafin a yi filasta. Bulo na 15, magina na ƙwarai ba su wuce talatin da ƴan kai da buhu mai kilo 50. A ɗaga ɗaya a sake shi daga tsawon ƙirji, a murza gefensa da yatsa. Wanda ya watse ko ya zube kamar gari ba na gini ba ne. Kankare yana son a yi ta ba shi ruwa mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa, saboda haka kada a yi gaggawar cire katakon da ke tallafe da shi.

Na huɗu, ranar karɓa a hau rufi da bokitin ruwa a zuba, a ga inda ya bi da inda ya kwanta. A duba ɗaurin kwano da itacensa, don iskar bazara ba ta wasa. A buɗe kowace ƙofa da taga a rufe. A ƙwanƙwasa filasta, inda ta yi ƙarar kogo ba ta kama ba. Masu shafa siminti kan bangon laka su san cewa in ruwa ya shiga bayansa ba ya fita, laka tana narkewa a ɓoye alhali fuska tana da kyau. In akwai wayar lantarki, mai sana'ar ya gwada ta kafin yara su shiga. Duk aibin da aka gani a rubuta, kowa ya sa hannu.

Na biyar, a riƙe kashi ɗaya cikin goma na ladan magini sai gida ya sha damana ɗaya. A faɗa masa haka tun ranar farko don kada ya zama rigima. Maginin kirki ba zai ƙi ba, don shi ma sunansa yake karewa.

Ga ƴan'uwa da ake wakiltawa kuma, kada ku ɗauki zuwan mai duba a kan rashin yarda. Shi ne zai wanke ku ran da wani abu ya faru, ya hana zumunci lalacewa a kan buhun siminti. Mun ga gidajen da bangonsu bai faɗi ba amma wa da ƙane sun daina gaisawa saboda zargi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Iyayenmu dattawa, muna roƙonku ku daina ja da baya in an zo maganar ginin zamani. Ba ku san ƙarfe ba, amma kun san ƙasar garin nan da hanyar ruwanta, kuma wannan sani ba ya cikin kowace takarda. Wanda ya tuna inda ruwa ya tsaya a manyan damanun da suka wuce, ya faɗa ma matasa su rubuta a ajiye. Ƴan'uwa na waje kuma, in wannan takarda ta iso gare ku, ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba.

Allah ya sa mu shiga gidajenmu lafiya, mu kwana cikinsu da kwanciyar rai. Sai fitowa ta gaba.